Yadda za a riƙe gidan kwanan marasa galihu idan kuɗin gwamnati ya zama yau akwai gobe babu

Tambaya: Ni ne sakataren wata ƙungiyar unguwa a cikin birnin Kano. Shekara biyu ke nan muna riƙe da wani gidan haya kusa da tasha, inda mutum wajen 40 da ba su da makwanci suke kwana, muna ba su tuwon dare da kokon safe. An yi mana alƙawarin tallafin gwamnati duk wata, ya shigo sau uku ya tsaya, har yau ana ce mana fayil yana kan hanya. Saura wata huɗu haya ta ƙare. Mu ci gaba da jira, mu rage mutane, ko mu rufe? Masu son taimaka mana kuma, me za mu ce su kawo?

Amsa: Malam, sannunku da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri. Kada ku rufe, kada kuma ku zauna jiran fayil. Ku sake lissafin gidan daga tushe kamar tallafin nan ba zai ƙara zuwa ba, duk abin da gidan ba ya wayar gari sai da shi ku ɗora shi a kan kuɗin da kuke da iko da shigowarsa. Ran da na gwamnati ya faɗo, sai a kai shi ga aikin da ake yi sau ɗaya a huta, kamar sauya kwanon rufi, haƙa burtsatse, sa sola ko gina banɗaki. Abin da ya fi durƙusar da irin waɗannan gidaje shi ne a ɗora tukunyar kullum da albashin maigadi a kan kuɗin da yake zuwa in ya ga dama. Ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan tulu.

Yana da kyau kwamitinku ya san dalilin da ya sa kuɗin yake haka, don kada a ƙare a zargin wane ya danne. Sa abu a kasafin kuɗi daban, sakin kuɗin daban. Majalisa tana amincewa da adadi ne a takarda, bisa hasashen abin da zai shigo daga asusun tarayya da harajin cikin gida. Idan abin da ya shigo bai kai ba, albashi da fansho da biyan bashi ne a gaba, tallafin ƙananan ƙungiyoyi yana can ƙarshen layi. In kuwa alƙawarin na baki ne daga wani mai muƙami, ran da aka ɗaga shi daga kujerar ya tafi da alƙawarinsa a aljihu. Ko kuɗin yana zuwa a kan kari ma, adadinsa a tsaye yake alhali kasuwa tana tafiya. Kowa ya ga yadda kuɗin mota da na abinci suka yi tsalle bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023. Masu jingina da ƙungiyoyin waje su ma sun ga nasu a Janairun 2025, da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje dare ɗaya, ayyukan agaji da dama a Arewa suka tsaya cak.

Ku fara da sanin abin da gidan yake ci, a ma'aunin kaya kafin na naira, domin farashi yana sauyawa amma cikin mutum ba ya sauyawa. Ma'aunin da masu aikin agaji suke bi shi ne kalori 2,100 ga mutum ɗaya a rana. A kwanon abinci, wannan ya kama hatsi kamar giram 450, wake giram 60, mai giram 30, gishiri giram 5. Ga mutum 40 ke nan hatsi kilo 18 a rana, wato kwano bakwai da ɗoriya, buhu biyar da rabi mai kilo 100 a wata, wajen buhu 65 a shekara. Wake kilo 72 a wata, mai lita 40, gishiri kilo 6. Tunda ku dare da safe kawai kuke bayarwa, ku ɗauki kashi biyu cikin uku na wannan: hatsi kilo 12 a rana, buhu uku da rabi da 'yan kai a wata, buhu 44 a shekara. Sai abubuwan da ake mantawa da su har sai sun kwashe kuɗin hannu: kuɗin niƙa, itace ko gawayi, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da barkono, sabulu, omo, kwashe masai. Ku sa mai girki ta riƙa auna duk abin da ta ɗiba na tsawon mako biyu ana rubutawa. In abin da ke fita daga sito ya zarce wannan lissafi da yawa, ko dai ana ciyar da mutanen da ba sa cikin rajista, ko kuma akwai inda yake yoyo.

Ruwa lita 15 ne ga kowane mutum a rana, sha da girki da tsarki da wanka, wato lita 600, jarka 24 masu cin lita 25, kusan kura biyu ta 'yan garuwa kullum. Banɗaki ɗaya kada ya wuce mutum 20, na mata daban. Wurin kwana murabba'in mita uku da rabi ne ga mutum, ma'ana ɗakin nan da magina suke kira sha biyu sha biyu mutum huɗu yake ɗauka. Na san a aikace ana zuba takwas har goma, amma ku sani a nan ne tarin fuka da ƙazuwa da sanƙarau suke samun hanya. In ɗakunan ba su isa ba, rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe a tsakar gida ta fi cusa mutane a ɗaki mai taga ɗaya, musamman daga Maris zuwa Mayu.

Idan kun haɗa abinci, ruwa, makamashi, albashin maigadi da mai girki, da kashi ɗaya cikin sha biyu na kuɗin hayar shekara, abin da ya fito shi ne tushen gidan na wata ɗaya. Wannan adadi za ku nema daga jama'a, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskure, sai su bazama neman alhaji ɗaya da zai ɗauke musu komai. Mutum 200 da kowanne yake ba da N2,000 a wata sun tara N400,000, a shekara N4,800,000. Alhajin da ya ba da miliyan biyar a dunƙule ya fi su a ido, amma in kasuwa ta juya masa baya ko ya rasu, shi ke nan an koma gidan jiya. Cikin 200 ɗin nan kuwa ko 20 sun janye, ɗaya bisa goma kawai aka rasa. Za a janye ɗin kuwa, don haka in 200 kuke buƙata ku nemi 250.

Kowa da yadda kuɗi yake shigo masa, ku bi shi a haka. Ma'aikaci ya sa bankinsa ya riƙa cirewa kai tsaye a ƙarshen wata in albashi ya shiga, don tunatarwar WhatsApp ba ta wuce wata uku take gundurar mutane. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari ya fi jin daɗin zubin kullum ko na mako kamar adashi, ta hannun shugaban layi, da rasit. 'Yan unguwar da suke Abuja da Legas da Saudiyya a yi musu zaure nasu. Kada ku raina mai ba da kaya ko aiki: mai injin da zai niƙa muku kyauta, mai gidan burodin da zai ba da guda 20 duk Juma'a, mai kayan gwari a 'Yankaba da zai ware muku kwandon da ya fara laushi, 'yan yuniyan na tashar da za su ɗauki mutum ɗaya a mako ba kuɗin mota. Kowanne a rubuta sunansa da abin da ya ɗauka da ranar da zai riƙa kawowa.

Azumi yana ruɗar masu irin wannan aiki. Kaya suna kwararowa har a rasa wurin ajiya, a buɗe hannu ana raba kunu da ƙosai da shinkafa ga duk wanda ya zo, bayan Sallah da mako uku sito ya koma wayam. A 2025 azumi ya faɗo a Maris, kuma duk shekara yana ja baya da kwana 10 ko 11, alhali watannin da hatsi yake tsada kuma masu neman makwanci suke ƙaruwa saboda ruwan sama su ne Yuli da Agusta. Duk abin da ba ya lalacewa da ya shigo da azumi, a raba shi gida sha biyu tun ranar da ya shigo. Cikin kuɗin kuma a fara cika asusun ko-ta-kwana har ya kai tushen gidan na wata uku, a ajiye shi a asusu daban wanda ba a taɓawa sai kwamiti ya zauna.

Duk wannan ba ya ɗorewa idan kuɗi yana shiga asusun mutum ɗaya, komai amanarsa. Ran da ya yi tafiya ko ya kwanta jinya aiki ya tsaya, ran da ya rasu kuɗin ya cakuɗe da gado, kafin nan ma gulma ta gama da shi a unguwa. Ku yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana buga sanarwa a jaridu a jira kwana 28 ko akwai mai ja, don haka ba aikin mako ɗaya ba ne, ku fara yanzu. Banki zai nemi lambar haraji da takardar SCUML, ofishin yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Ku sanar da ma'aikatar jiha mai kula da walwalar jama'a cewa kuna nan. Masu sa hannu su zama uku, kuɗi ba ya fita sai da biyu. Mai sayo kaya daban, mai riƙe makullin sito daban, mai girki daban, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya. Duk ƙarshen wata a fitar da shafi guda: nawa ya shigo, nawa ya fita, mutum nawa suka kwana, nawa aka mayar gida. A liƙa a allon masallaci, a tura wa masu zubi. Manyan gidauniyoyi irin na Dangote da BUA ma ba sa sauraron ƙungiyar da ba ta da waɗannan takardu.

Hatsi a saye shi da kaka. Gero yana shigowa daga Satumba, masara da wake zuwa Oktoba da Nuwamba, dawa zuwa Disamba, kuma kasuwar hatsi ta Dawanau tana bakin ƙofarku. Yawancin shekaru a lokacin ne farashi ya fi sauƙi, ko da yake ba doka ba ce: a 2025 hatsi ya karye bayan an gama tarawa, waɗanda suka ɓoye don riba suka tafka asara. Ku ba riba kuke nema ba, tabbacin tuwo kuke saye, saboda haka ku sayi na wata shida zuwa takwas, kada ku ci bashi don cike na shekara. Ku je da wanda ya san hatsi, a soki buhu sama da tsakiya da ƙasa, a ɗora a sikeli. Ƙwayar da ta bushe sosai in an ciza ƙaras take karyewa. Wadda ta lotse a haƙori da sauran danshi, za ta yi fumfuna, a sake shanya ta.

Wake ne mai wahalar ajiya. Ku nemi buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. A duba kowace leda ba huji, a zuba busasshen wake, a matse iska, a murɗe bakin ledar ciki a ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne da ɗaurinsa. Ƙwarin da ke ciki iska ce take ƙare musu su mutu, ba a sa magani ko kaɗan. Abin da yake ɓata shi biyu ne, ɓera ya huda, ko a riƙa buɗewa ana ɗiba ana mayarwa. Buhun da aka buɗe a cinye shi. A jera buhuna a kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango. Kada a kuskura a zuba wa abinci maganin feshi irin su Sniper, kuma ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu tana fitar da iska mai guba, kada a yi amfani da ita a gidan da mutane suke kwana. Ta sha kashe mutane a cikin barci.

Yanzu zakka, inda ake yawan tafka kuskure da kyakkyawar niyya. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na masu cin zakka, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi haƙƙin mutum ce da ake mallaka masa. Ba a biyan hayar gidanku da ita, ba a sayen kwanon rufi, ba a biyan maigadi, sai in shi maigadin talaka ne aka ba shi don talaucinsa, ba a madadin albashi ba. Wannan ba ya rage mata amfani a wurinku, domin kashi huɗu cikin takwas ɗin a ƙofarku suke kwana. Akwai fakirai da miskinai, a ba su jari ko sutura ko kuɗin kama ɗaki. Akwai matafiyin da guzuri ya yanke masa, irinsa kuwa suna da yawa cikin masu kwana a tasha. Akwai mai bashi, kamar matar da mijinta ya rasu mai gida yana shirin fitar mata da kaya kan hayar da ta taru. Biya mata wannan bashi ya fi arha nesa ba kusa ba a kan karɓarta da 'ya'ya biyar. A buɗe wa zakka littafi nata, kada ta haɗu da sadaka, kuma ku zauna da malamin da kuka yarda da shi ya tsara muku yadda za a karɓa a madadin mutanen. Ku kai sunayen mabuƙatanku Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha, wadda aka kafa tun 2003. Manoman da suka kai nisabi, wato ausuƙi biyar a ma'aunin hatsi na shari'a, suna fitar da ɗaya bisa goma na noman damina, ɗaya bisa ashirin na wanda aka shayar da inji; ku tuntuɓe su tun amfanin gona yana masussuka.

Kaffara ma tana da ƙa'idarta. Ta karya azumi da gangan ciyar da miskinai 60 ce, kuma a Malikiyya sai sun zama mutum 60 daban-daban. Gidanku mai mutum 40 ba zai cinye kaffara guda shi kaɗai ba, sai an nemo wasu 20 a maƙwabta. Ta rantsuwa mutum 10 ce. Wanda ya kawo ku tambaye shi wace iri ce, ku rubuta, don kada ku bar shi da nauyi a wuya yana zaton ya sauke.

Abin da zai raba ku da zullumin haya gaba ɗaya shi ne hubusi, wato wakafi: gidan da aka tsayar don wannan aiki, ko shaguna biyu ko uku da hayarsu za ta riƙa biyan taku. Ba a samunsa cikin wata huɗu, amma a fara maganarsa da dattawan unguwa masu kadara. Ga inda ake faɗuwa. A Malikiyya hubusi ba ya tabbata sai an karɓe kadarar daga hannun mai bayarwa tun yana da rai da lafiya. In ya furta a masallaci, aka yi kabbara, amma makulli da takardu suna hannunsa har ya rasu, gidan ya koma gado. In kuma wasiyya ya bari, ba ta wuce sulusin dukiyarsa sai da yardar magada. Don haka a rubuta, shaidu su sa hannu, ya fi kyau 'ya'yansa manya su halarta, a tabbatar a kotun shari'a, a sauya suna a hukumar filaye zuwa na amintattu, a karɓi makulli a fara amfani da wurin. Cikin hayar shagunan a riƙa ware wani kaso na gyara, in ba haka ba shekara goma sun zama kango.

Gwamnati kuwa ba a yin fushi da ita, sai dai a sauya abin da ake roƙo. Kuɗi tsaba shi ne mafi wuyar fita. Abin da aka riga aka biya ya fi sauƙi: a turo muku ma'aikacin lafiya ko jami'in walwalar jama'a kwana biyu a mako, tunda albashinsa yana tafiya ko ya zo ko bai zo ba, a ba ku aron ginin hukuma da yake zaune ba kowa, a sa ku cikin rabon kayan hukumar agajin gaggawa, SEMA, a shigar da mutanenku tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, KSCHMA, a rukunin marasa ƙarfi. Wannan na ƙarshe yana buƙatar lambar NIN, wadda yawancin masu kwanan titi ba su da ita, saboda haka kai su rajista yana cikin aikinku. Shi kuma fayil, a ɗora wa mutum ɗaya bibiyarsa sau biyu a wata, duk takardar da aka kai a karɓo kwafi mai hatimi, a nemi a mayar da alƙawarin rubutacciyar yarjejeniya. Ma'aikatu suna haɗa buƙatunsu na shekara mai zuwa tun tsakiyar shekara, kafin gwamna ya kai kasafi majalisa wajen ƙarshenta, wanda ya zo a Janairu ya makara. Ana wallafa rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku, ku duba ku ga ko an saki wani abu a layin da ya shafe ku. Ɗan siyasa in ya kawo buhu ku karɓa ku yi godiya, amma kada ku bari a sa wa gidan hular kowace jam'iyya. A Kano kowa ya san abin da yake biyo baya in mulki ya sauya hannu.

Kan rage mutane, ba korar kowa za ku yi ba, tantancewa za ku yi, domin 40 ɗin nan ba matsala ɗaya ta kawo su ba. Akwai ɗan ciranin da yake dako ko turin baro yana samun na kansa, makwanci kawai ya rasa. Wannan ya ba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba duk dare, ko ya ɗauki shara da ɗiban ruwa, kuma hakan ya fi masa mutunci. Akwai wanda aka yanke wa aljihu a tasha, akwai mai jinyar da ya kawo ɗan'uwansa Asibitin Murtala daga ƙauye kuɗi suka ƙare, akwai matar da aka saka da daddare, akwai waɗanda 'yan bindiga suka taso daga Zamfara ko Katsina, akwai tsohon da ba shi da kowa. A rubuta kowa a daren farko: suna, gari, sunan mai unguwa ko dagacinsu, lambar wani nasa, abin da ya kawo shi. Mai son komawa gida a kira danginsa tukuna a ji za su karɓe shi, a biya kuɗin motar a hannun yuniyan, shi a ba shi na abincin hanya kawai. In an damƙa masa kuɗin a hannu, sau da yawa jibi za ku gan shi a bakin ƙofa. Ga makafi da guragu da kutare, ku bi ta hannun sarakunansu, sun san nasu fiye da ku.

Mutum iri biyu kada ku riƙe su ku kaɗai. Yaron da ba babba tare da shi, ko almajirin da ya gudo daga tsangaya, a sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda da jami'an walwala a ranar, a rubuce. Jihar tana da dokar kare yara ta 2023, tana da Gidan Yara na Nassarawa, kuma tun da aka gano yaran Kano da aka sace a Anambra a 2019 ba wanda yake ɗaukar zancen yaro a hannun baƙo da wasa. Na biyu mai taɓin hankali, wurinsa asibitin Dawanau ko sashen masu larurar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano. Ba mari, ba sarƙa, ba kulle ɗaki, komai roƙon danginsa; kan wannan aka rufe gidajen mari a Kaduna da Katsina da Kano a 2019. Mata kuma ƙofarsu da banɗakinsu daban, da mace mai kula da su da daddare. In ba za ku iya wannan ba, gara ku tsaya a kan maza kawai ku haɗa matan da Hisbah.

Ciwo ɗaya da ya ɓarke yana iya cinye asusun wata uku cikin mako guda. Duk mai tarin da ya kai mako biyu a kai shi gwajin tarin fuka, gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, maganin wata shida ne kuma ba a yanke shi a tsakiya. Da damina a ajiye gishirin rayuwa. In babu, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba mai gudawa ana hanyar asibiti. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya da zafin bazara, ko ciwon maƙogwaro da kumburin wuya irin na mashaƙon da ya addabi Kano a 2023, ba a kwana da su. Da hunturu a raba bargo, a hana shiga ɗaki da kaskon gawayi a rufe ƙofa, hayaƙinsa ba ya wari amma yana kisa.

In wata ya zo da ƙaranci duk da haka, ku san abin da za a fara yankewa tun kafin ranar, kada a yanke shawara cikin firgici. A dakatar da gyare-gyare da sayen sabbin kaya, a daina karɓar masu dogon zama sai na dare ɗaya, a koma dawa da masara a bar shinkafa, a rage girman malmala kafin a taɓa wake da mai. Ruwa da maigadi da maganin masu farfaɗiya da taɓin hankali da tarin fuka ba sa cikin abin yankewa. Mai farfaɗiyar da aka tsayar wa magani kwatsam yana iya faɗuwa faɗuwar da ta fi ta da muni. Kuma a gaya wa masu zubi gaskiya tun da wuri, da adadin giɓin.

Masu tambayar me za su kawo, amsar farko zubin wata-wata ne, komai ƙanƙantarsa. Bayan shi ɗanyen abinci, sabulu, tabarma, gidan sauro, bargo kafin Disamba, audugar mata. Gwanjo a kawo wankakke wanda zai sawu. Ragowar abincin biki a karɓa in da zafinsa ya iso a kuma ci nan take. Shinkafar da ta wuni a kula cikin zafin Kano ɗumame ba ya kashe dafinta, ku mayar da ita cikin ladabi. Magungunan da suka rage wa wani a gida kada ku karɓa. Masu zuwa da waya suna ɗaukar fuskokin mutane don Facebook da TikTok a ce musu su ɗauki buhuna da tukunya, fuskar mutum sai da izininsa, ta yaro kuwa ko da izini a'a.

Maganar haya kada ta kai wata na huɗu. Cikin makon nan ku ɗauki mai unguwa da limamin unguwa ku je wurin mai gidan da kansa, ba dillali ba. Ku nuna masa shafin lissafinku, ku nemi ya karɓi hayar baɗi kashi biyu ko huɗu, ku ajiye masa kashin farko a zaman in da hali, a rubuta sabuwar yarjejeniya da ranakun biya da wa'adin notis, shaidu su sa hannu. In gidan yana buƙatar gyaran da ku za ku yi, kamar rufi ko masai, a ƙiyasta kuɗinsa a cire daga haya, shi ma a rubuce. In ya ƙi, kun sani da sauran wata uku da 'yan kai a hannunku na neman wani gidan, kuma ku nema a kusa da tashar, domin mutanen nan a ƙafa suke zuwa.